Daga Bakin Turmi Zuwa Dodon Kunne: Yadda Za Mu Koya wa Yaran Bader Goula Ilimin Sauti

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari ya hango mace tana daka daga nesa, ya ga abin da ido da kunne suke saɓani a kansa. Taɓarya takan faɗa cikin turmi, ido ya shaida, amma kunne bai ji komai ba. Sai matar ta sake ɗaga ta sama, sannan ƙarar bugun ta iso. Babba ya saba da haka har ya daina lura. Yaro kuwa idonsa sabo ne, shi ya sa yakan ja zanen uwarsa ya ce, "Inna, don me ƙarar take makara?" Sau da yawa amsar da yake samu ita ce, "Kai dai ka faye tambaya."

Alhali tambayar tana da amsa, amsar kuma ba ta fi ƙarfin ɗan shekara bakwai ba. Bader Goula, a gundumar Dakoro ta arewacin jihar Maraɗi, ƙasa ce da noma da kiwo suke haɗuwa, inda Hausawa da Fulani da Abzinawa suke cin kasuwa ɗaya, suke shayar da dabbobi a rijiya ɗaya. Makarantun karkara irin na wannan yanki ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu azuzuwan ma na zana ne. Wannan ya sa ake ganin kimiyya sai birni. To amma akwai fannin da yaron ƙauye ya fi ɗan birni kayan koyonsa, shi ne ilimin sauti. Yana da fili mai faɗi, da rijiya mai zurfi, da daren da babu hayaniyar motoci, ga kuma makaɗa a kusa. Abin da ya rage shi ne babban da zai tsaya ya nuna masa.

Duk sauti daga girgiza yake

Tushen ilimin gaba ɗaya magana ce guda: babu sauti sai wani abu ya girgiza. Idan yaro ya kama wannan, sauran duk rassa ne.

Kada a faɗa masa da baki kawai, a bari jikinsa ya gaya masa. A ce ya ɗora yatsunsa a maƙogwaro ya ja "aaa" mai tsawo. Zai ji wani abu yana karkarwa a ƙarƙashin fata. Ya yi shiru, karkarwar ta tsaya. A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu da iskar huhu take bi ta tsakaninsu, tana buɗe su tana rufewa da sauri. A wajen namiji babba sukan yi haka sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya, a wajen mace kimanin sau 200, a wajen yaro kuma kusan sau 300. Daga nan murya take fitowa.

Sai a nuna wa ido. A kwantar da ganga, a watsa ƙwayoyin gero a kan fatarta, a buga a hankali. Geron zai yi ta tsalle. A ɗora tafin hannu a kan fatar, nan take tsallen ya tsaya, amon ma ya mutu. Inda babu ganga, a ɗaure leda tamau a bakin kwano, a zuba rairayi kaɗan a kai, a kawo murfin tukunya kusa a buga. Rairayin zai motsa ba tare da an taɓa ledar ba. Wani Bajamushe mai suna Ernst Chladni ya yi suna a Turai da irin wannan gwaji. A 1787 ya wallafa yadda yake watsa rairayi a kan faranti, ya goga masa bakan kiɗa a gefe, rairayin ya jeru ya fitar da zane-zane gwanin kyau. Rairayi da faranti ba su fi ƙarfin kowace makaranta a Dakoro ba.

Daga nan sai a mayar da abin wasa. Duk ƙarar da aka ji, a tambayi yara, "Me ke girgiza?" Kukan sauro a kunne fikafikansa ne da suke kaɗawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake bugawa a kira yara lakwal, a bari su taɓa shi bayan an buga, su ji yana tsuma. Rediyo ma, idan aka ɗora hannu a kan lasifikarta, za a ji ta tana rawa da maganar mai labarai.

Yadda yake zuwa kunne

Yaro mai kaifin hankali zai ce, "To ganga tana can, ni ina nan. Wa ya kawo mini ƙarar?" Iska ce. Iskar da muke shaƙa cike take da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Idan fatar ganga ta turo waje, sai ta matse ƙwayoyin da ke kusa da ita, su kuma su tura na gabansu, na gaba su tura na gaba, har turin ya iso kunne. A kai yara gonar hatsi ranar da iska take kaɗawa, su ga yadda lanƙwasa take ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kowane kara yana nan inda aka shuka shi, ya sunkuya ne kawai ya miƙe. Haka sauti yake tafiya. Ƙwayoyin iskar ba sa barin wurinsu, motsin ne yake wucewa.

Ke nan idan babu abin da zai ɗauki motsin, babu sauti. Robert Boyle ya gwada haka a Ingila, ya wallafa sakamakon a 1660. Ya rataye agogo a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar ciki da famfo. Agogon yana aiki, ana ganinsa, amma ƙararsa ta yi ta raguwa har ta ɓace. Da ya mayar da iska, ƙarar ta dawo. Wannan ne dalilin da ya sa mutanen da suka sauka a kan wata a 1969 suka yi ta magana da juna ta rediyo, domin a can babu iskar da za ta ɗauki murya ko da mutum yana gab da ɗan'uwansa.

Ruwa da ƙasa da itace da ƙarfe su ma suna ɗaukar sauti, har sun fi iska sauri. A iska yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ruwa yana kusan mita 1,500, a ƙarfe kuma ya haura mita 5,000. A 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka auna na ruwa a tafkin Janiba: aka buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa daga wani jirgi, aka saurara daga wani jirgin mai nisan kilomita da dama, suka sami mita 1,435. Makiyayin da yake kara kunne a ƙasa don ya ji takun garke tun kafin ya hango ƙura, da wannan ilimin yake aiki. Yara kuma za su iya haɗa tasu wayar: gwangwanin tumatir biyu, a huda gindin kowanne, a zura zare mai tsawo a ƙulle. In zaren ya miƙe tamau, raɗa ma tana isa. In ya saki, ko wani ya kama shi a tsakiya, magana ta yanke. Kada malami ya yi saurin faɗin dalili. Ya bari su gano da kansu cewa hannun da ya kama zaren ya kashe girgizar.

Yanzu amsar tambayar daka ta fito. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka ido yana gani nan take. Sauti kuwa a hankali yake zuwa. Idan mai dakan tana nisan mita 170, ƙarar za ta makara da rabin daƙiƙa, wanda ya ishe ta ɗaga taɓarya. Malamin nan Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, yana cikin waɗanda suka rubuta tun da daɗewa cewa haske ya fi sauti sauri nesa ba kusa ba. Zafi ma yana da hannu a ciki: kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ƙara wa sauti gudun fiye da rabin mita, har a tsakiyar bazara, in zafi ya kai digiri 40, gudun yakan kai mita 355.

Da damina wannan sani yana iya ceton rai. Walƙiya tana dumama iskar da ta ratsa zuwa kusan digiri 30,000 cikin ƙiftawar ido, iskar ta buɗe da ƙarfi, shi ne tsawar da muke ji. Tare suke faruwa, tsawar ce take makara a hanya. A koya wa yaro ya fara ƙidaya a hankali da zarar ya ga walƙiya. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ya kai 9 kafin ya ji tsawa, abin yana nisan kilomita 3. In bai kai 30 ba, hadarin ya matso, sai ya sauka daga kan tudu, ya guji fakewa a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, ya nemi gida. Yaran da suke kiwo a daji sun fi kowa bukatar wannan darasi.

Rijiya mai amsawa da kiran asuba

Rijiyoyin ƙasar Dakoro suna da zurfi, har da dabbobi ake jan guga a wasu. Idan aka yi kira a bakin irin wannan rijiya, muryar takan dawo. Wasu yara sukan tsorata, su ɗauka wani ne a ciki yake amsawa. Amsa-kuwwa ce kawai: sautin ya sauka, ya bugi ruwa, ya juyo. Kunnen mutum ba ya raba sauti biyu in tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A wannan ɗan lokaci sauti yana cin mita 34, zuwa da dawowa. Shi ya sa sai abin da zai mayar da shi ya kai nisan mita 17 kafin a ji amsar daban. Wannan gwaji sai da babba a kusa, riƙe da hannun yaro, kuma ba a leƙa rijiya.

Akwai mai sauƙi da ba shi da haɗari. A shiga sabon ɗakin siminti da ba a sa kaya ba a tafa, sannan a shiga bukkar kara ko ɗakin da ke cike da tabarmi da tufafi a sake tafawa. Abu mai tauri da santsi yana mayar da sauti, mai laushi yana shanye shi. Jemage da amsa-kuwwa yake farauta a duhu. Yakan fitar da ƙara siririya da kunnenmu ba ya kamawa, ya saurari dawowarta, ya san inda bango yake da inda ƙwaro yake. Donald Griffin da Robert Galambos ne suka tabbatar da haka a Amurka a wajajen 1940. Na'urar da ake duba mai juna biyu da ita a asibiti ita ma amsa-kuwwa take saurare, ta mayar da ita hoto.

Wani abin da kowa ya sani a karkara shi ne, da asuba a lokacin ɗari ana jin kiran salla ko kukan jaki daga ƙauyen da ba a jin ɗuriyarsa da rana. Shirun dare yana taimakawa, amma akwai ƙarin dalili. Da dare rairayi yana saurin hucewa, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi, ta sama kuma ta fi ta ɗumi. Tunda sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, sai ya lanƙwaso ƙasa, ya bi doron ƙasa ya yi nisa. Da rana abin yakan juya: ƙasa ta yi zafi, sautin ya lanƙwashe sama ya wuce ta kan mutane.

Abin da makaɗa suka daɗe da sani

Sauti ya bambanta ta fuska biyu da yara sukan cakuɗa: kauri ko siranta daban, ƙarfi ko rauni daban. Kukan sa mai kauri ne, na ɗan tsako siriri. Amma sa yana iya yin gunji a hankali, ɗan tsako kuma ya tsala kuka da iyakar ƙarfinsa.

Kauri da siranta sun dogara ga saurin girgiza. Mai sauri siriri ne, mai jinkiri kuma kakkaura. Ana auna yawan girgiza a daƙiƙa da ma'aunin da aka sa wa sunan Heinrich Hertz, wani masanin Jamus. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Kare yana jin abin da ya ninka haka, jemage ya haura 100,000, giwaye kuma suna kiran juna da amon da ya yi ƙasa da 20.

Babu malamin da ya fi mai kalangu iya nuna wannan. Idan ya matse tsirkiyoyin a hammata, fatar takan ɗaure, ta girgiza da sauri, sautin ya hau. Ya sassauta, sautin ya sauko. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu yana iya bin sawun magana, shi ya sa mahauci ko ɗan dambe yake gane takensa tun daga nesa. Makaɗin da yake gasa fatar gangarsa a rana ko a gefen wuta kafin wasa, ɗaure ta yake yi. Mai goge da mai gurmi suna danna tsirkiya da yatsa don su gajarta ɓangaren da ke girgiza. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya yi duniya. Imzad na matan Abzinawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2013, shi ma tsirkiya ɗaya gare shi. Ƙa'idar guda ce: abin da ya fi ɗauri, ko gajarta, ko rashin nauyi, ya fi siririn sauti. Al-Farabi, wanda ya rasu a wajajen 950, ya yi dogon bayani a kan tsirkiya da sautukanta a littafinsa Kitab al-Musiqa al-Kabir, daga baya Marin Mersenne na Faransa ya fitar da lissafin a 1636.

A kayan busa, iskar da ke cikin bututu ce take girgiza. Kakakin da ake busa wa sarakuna a fadar Maraɗi da Tsibiri da Damagaram dogo ne, muryarsa kakkaura. Sarewar Bafulatani gajera ce, kuma duk ramin da ya buɗe da yatsa yana ƙara gajarta iskar ciki, sautin ya hau. Yarinyar da take cika jarka a famfo ta san ta kusa cika ba tare da ta duba ba, domin ruwa yana hawa, wurin iska yana raguwa, ƙarar tana sirancewa. A jera kwalabe biyar da ruwa daban-daban a busa bakinsu, yara su jera su daga mai kauri zuwa siririya.

Ƙarfin sauti kuwa girman girgizar ne. A buga ganga a hankali gero ya ɗan motsa, a buga da ƙarfi ya fantsama. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya tura iska mai yawa, shi ya sa ake ɗora ta a kan ƙwarya mai fata, ƙwaryar ta karɓi girgizar ta yaɗa. Tende na Abzinawa turmin daka ne aka ɗaure wa fatar akuya, ramin turmin yake ba shi amo. Mai sayen tulu a kasuwa yakan ƙwanƙwasa shi, domin lafiyayye yana amsawa garau, mai tsaga kuma muryarsa a dushe take.

Abin da ke cikin kunne

Kunnen da muke gani a waje tattaro sauti yake yi ya zuba cikin rami. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wata fata siririya ƙwarai da take girgiza da duk abin da ya iso. A bayanta akwai ƙasusuwa uku a jere, su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum, na ƙarshensu bai wuce milimita 3 ba. Su suke ƙarfafa girgizar su miƙa ta ga wani bututu mai naɗin katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. A can ne ake gane cewa wannan muryar Inna ce, wancan kuma kukan akuyar gida.

Kunne biyu da Allah ya ba mu suna nuna mana inda ƙara ta fito, domin takan riga isa ɗaya kafin ɗayan. A ɗaure wa yaro ido a tsakiyar da'ira, wani ya tafa, shi kuma ya nuna wajen. Sannan ya toshe kunne ɗaya a sake. Zai ga yadda abin ya yi wuya.

Jariri yana fara ji tun yana ciki, a watannin ƙarshe. Ranar da ya zo duniya ma, kunnensa ake fara nufa da kiran salla. Ta kunne harshe yake shiga, ta nan karatun allo da na boko suke bi. Amma waɗannan ƙwayoyi masu gashi suna da wani hali da ya kamata kowane uba da uwa su sani: wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Kunne ba shi da sauyi

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Raɗa kimanin 30 ce, hira 60, babur a kusa yakan kai 90, gaban lasifikar biki kuma ya haura 100. Ma'aunin ba ya hawa a hankali: ƙarin 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90 sai awa 4 kacal. Na yara ya fi haka ƙasa. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalata jinsu saboda sauraron ƙara mai yawa, yara miliyan 34 kuma suna fama da raunin ji mai tsanani, alhali kusan kashi 60 cikin ɗari na matsalar ji a wajen yara ana iya hana ta.

A ƙauyukanmu ƙarar ta iso. Ga injin niƙa da ake aiken yarinya ta tsaya a gabansa goye da ƙanenta. Ga janareta, ga lasifikar biki da yara suke rububin zama a bakinta, ga abin sauraron waya da samari suke cusawa a kunne su ƙure murya. Alamar gargaɗi a fili take: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji, ko kunne ya riƙa ƙugi bayan an tashi, ƙarar ta wuce kima. A ja da baya, domin nisa yana rage ta sosai.

Cuta ma tana cin kunne. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓulla a lokacin zafi da ƙura. A 2015 ƙasar ta ga annobar da ta kama mutane fiye da 8,000, kuma kurumta tana cikin abin da cutar take bari ga wasu da suka tashi. Tun 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, wanda ya karya lagon nau'in da ya fi addabar yankin a da. Ƙyanda da hangum su ma suna iya taɓa ji. Kai yaro rigakafi kare kunnensa ne. Mura kuma tana iya haurawa ta wata ƴar hanya da ta haɗa maƙogwaro da kunne, ta tara ruwa a bayan dodon kunne. Kunnen da yake zubar da mugunya na likita ne, ba a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Ba a sosa shi da tsinken ashana ko gashin kaza. Wasu allurai, irin su jentamaisin, suna iya kashe ji in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, don haka ba a karɓar allura a hannun mai talla. Sannan mari: tafin hannu a kan kunne yana matse iska da ƙarfin da zai iya fasa dodon kunne. Duk laifin da yaro ya yi, bai kai a kurmantar da shi ba.

Uwa ita ce mai lura ta farko. Jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar mai kiransa, ko ya wuce shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya a bakinsa, a kai shi a duba. A aji kuma, yaron da ake cewa ba ya jin magana, wani lokaci da gaske ba ya ji ne. A matso da shi gaba, malami ya fuskance shi in zai yi magana, a sanar da iyayensa.

Aikin malamai da iyaye

Duk gwaje-gwajen nan babu wanda yake bukatar kuɗi ko lantarki. Abin da suke bukata shi ne a bi tsari: yaro ya fara faɗin abin da yake zato zai faru, sannan a gwada, sannan ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. In zatonsa bai yi daidai ba, kada a yi masa dariya, domin ta haka masana ma suke gano gaskiya.

Kuma a yi shi da harshen da yaron yake tunani da shi. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ya fahimci girgiza da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, ba zai sha wuya ba ranar da ya gamu da ita a littafin Faransanci. Wanda ya haddace kalmar bai taɓa fatar ganga ba, da an gama jarrabawa ta bi iska.

A gayyato mai kalangun gari ya shigo aji na awa ɗaya, ya matse ya saki yara suna kallo, su yi masa tambayoyi. A sa kurame cikin darasin, domin suna jin girgiza da tafin hannu da ƙirji, wani lokaci ma su ne za su fara nuna wa sauran inda take. Suna da maganar hannu, akwai kuma makarantunsu a Yamai da Maraɗi da Damagaram, bai kamata a bar su a gida ba.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya, kuma tana faɗowa daidai shigowar zafi, lokacin da sanƙarau yake barazana. Makarantun Bader Goula za su iya ware wannan rana: da safe gwaje-gwaje a fili, da hantsi ma'aikacin lafiya ya duba kunnuwan yara, ya yi wa iyaye bayanin rigakafi. Shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai gari sun isa su tsara haka ba tare da jiran kowa daga Yamai ba. Yaron da ya fita daga irin wannan rana zai san dalilin da zai janye ƙanensa daga bakin injin niƙa, zai kuma san cewa tambayarsa tana da amsar da shi kansa zai iya nemowa.